Yadda Ake Farfaɗo da Jan Kifin Ado da Ya Kife, da Jinyar Ciwon Jakar Iska

Jan kifin ado, wanda masu sayar da shi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, suke kira poisson rouge, kifi ne mai ƙarko. In ya samu kulawa yana kai shekara 10 zuwa 15, wani ma ya haura 20. Amma a gidajenmu bai cika daɗewa ba, kuma kusan kullum hanya ɗaya yake bi. A wayi gari a tarar ya kife, ciki sama. Ko ya karkata gefe guda, yana ta kici-kicin nutsewa ruwa na maido shi. Ko kuma ya kwanta a ƙasan gilashin da ake kiwonsa a ciki ya kasa tasowa. Yara su fara kuka, manya su ce ai ya riga ya tafi, alhali kunnuwansa, wato wuraren da yake numfashi da su a gefen kai, na motsi.

Na daɗe ina kiwon kifayen nan a Garwa, maƙwabta kuma sukan kawo mini nasu cikin roba in sun ga abin ya fi ƙarfinsu. Abin da nake gaya wa kowa tun daga bakin ƙofa shi ne ya bar zancen magani tukuna, a fara duba ruwa da zafi da abinci. Mafi yawan kifayen da na ga sun tashi, a nan aka gyara su.

Abin da ke faruwa a cikin kifin

Duk wanda ya taɓa gyaran karfasa ko giwan ruwa ya san farar jakar nan mai iska da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya. Ita ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa, ba sai ya wahala ba. A jan kifi ɗaki biyu gare ta, kuma akwai siririn bututu da ya haɗa ta da maƙogwaro, don haka iskar da ya haɗiya a saman ruwa tana iya shiga ciki. Sannan ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, hanji ne dogo kawai. In hanjin ya cushe ko ya cika da iska sai ya danne jakar, kifin ya rasa daidaito.

Asalin kifin daga ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa sama da shekara 1,000 da suka wuce. Masu dunƙulallen jiki da wutsiya biyu, irin su oranda da ryukin da ranchu, mutane ne suka yi ta zaɓen iri har suka fito haka. Kayan cikinsu a matse suke, shi ya sa ciwon ya fi kama su fiye da masu dogon jiki.

Kayan aiki

- Baho ko babbar roba mai faɗi, mai cin lita 20 zuwa 40, wadda ba a taɓa wanki a ciki ba. Sabuwa ta fi.
- Bokiti biyu masu tsabta, na kifi kaɗai.
- Famfon iska da dutsen kumfa, wato ƙaramar na'urar da ke tura iska cikin ruwa da ɗan dutsen da iskar ke fita ta cikinsa. In da hali a samu mai aiki da batir saboda ɗauke wuta.
- Ma'aunin zafin ruwa.
- Siririn tiyo na zuƙe kashi daga ƙasa.
- Maganin kashe kulorin na masu kifin ado. In babu, ruwan da ya kwana.
- Gishiri mai tsakuwa wanda ba a gauraya da komai ba.
- Gishirin Epsom. A farmasi ka ce sulfate de magnésium, na gari ko na ƙwaya-ƙwaya.
- Koren waken nan da ake kira petits pois, ko ganyen alayyahu.
- Takardun gwajin ruwa, in ana samu. Ba kullum ake ganinsu a Arewa ba, sai a yi saƙo daga Yawunde ko Duwala, ko a tambayi masu kiwon tarwaɗa.

Mataki na 1: Ka tabbatar yana da rai, ka ba shi iska

Dubi murfin kunnuwansa. In yana buɗewa yana rufewa, ko da a hankali ne ƙwarai, akwai rai. Idon mai rai a cike yake yana ƙyalli, in ka ɗan karkatar da jikinsa idon zai juya. Na matacce ya faɗa ciki, ya yi hazo.

Wanke hannunka da ruwa zalla, ba sabulu, ka tabbatar babu mai ko turare. Da jiƙaƙƙen hannu ake taɓa kifi, don busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa. Ka tallabe shi daga ƙasa, cikinsa a tafin hannunka, ka miƙar da shi yadda ya saba zama, ka kai kansa kusa da inda kumfa ke tasowa. In za ka motsa shi, gaba kawai za ka riƙa kai shi, sannu sannu, ruwa ya shiga ta baki ya fita ta kunne. Kada ka ja shi da baya. Za ka ji lokacin da ya fara dawowa: wutsiyar za ta ɗan buga yatsunka, bakin ya fara aiki da kansa. Wani minti 5 ya ishe shi, wani sai ka kai rabin awa a tsugune.

In tsalle ya yi ya faɗo ƙasa, ka mayar da shi cikin ruwan da ya fito, ka bar ƙura ta jiƙa ta fita da kanta. Kada ka goge shi.

In babu famfon iska, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama a gefen da ba kifin, ba ƙaƙƙautawa. Motsin saman ruwa ke shigar da iska.

Mataki na 2: Auna zafin ruwa

A nan ne shawarwarin intanet suke ɓatar da mutanenmu. Yawancinsu a ƙasashen sanyi aka rubuta su, sai ka ga an ce a ɗumama ruwa don abinci ya narke. Mu kuwa a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, a watan Maris da Afrilu zafin rana yana wuce digiri 40, ruwan gilashi a ɗaki mai rufin kwano ya kai 32 ko fiye. Jan kifi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Ruwa kuma yana ƙara zafi yana rage riƙe iska: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar numfashi, a 30 kusan 7.5, a 35 ƙasa da 7. A daidai lokacin ne kuma jikin kifin ya fi buƙatarta. Kifin da ka gani da asuba a saman ruwa yana ta buɗe baki, sau da yawa iska yake nema, kuma garin nemanta yake haɗiyar wadda za ta kumbura shi.

In ruwan ya haura 28, sauke shi a hankali. Ka ɗauke gilashin daga bakin taga, ka kai shi ɗakin da ya fi sanyi, ka ajiye ƙasa. Cire murfi, ka sa raga don kada ya yi tsalle, ka juya fanka ta riƙa busa saman ruwan. Za ka iya jefa gorar ruwa mai ƙanƙara, rufaffiya, ta yi ta yawo a ciki. Ruwan randa ma yana taimakawa ƙwarai, in ya kwana kuma ana zuba shi kaɗan kaɗan. Kada ka sauke fiye da digiri 2 cikin ƴan awoyi, kuma kada ka zuba ƙanƙara tsirararta, sanyin farat ɗaya yana kashe kifin da ya riga ya galabaita.

Shawarar ɗumamawa tana da amfani a hunturu, Disamba da Janairu, ko a Ngaundere da ke kan tudu sama da mita 1,000. In ruwa ya sauka ƙasa da 18, a ɗaga shi sannu zuwa 24, ko da ta hanyar shigar da gilashin cikin ɗaki da rufe shi da bargo da dare.

Mataki na 3: Gyara ruwan

Kifi yana fitar da amoniya ta kunne da ta kashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. A cikin soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan gilashin, akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke juya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Biyun farko guba ne, kuma ruwa yana iya zama garau alhali cike yake da su. In kana da takardar gwaji, amoniya da naitirait su zama 0, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. In ba ka da ita, ka ɗauka kawai ruwan ya lalace. Alamunsa su ne jan layi kamar jini a fikafikai da wutsiya, fikafikai a manne da jiki, ko cikin kunne ya koma ruwan ƙasa maimakon ja.

Ka canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, kana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Kada ka kwashe duka, kada ka wanke gilashin da sabulu ko garin wanki. Sabon ruwan ya zo daidai da zafin tsohon, ka gwada da ma'auni.

Ruwan famfo akwai kulorin a cikinsa, yana ƙona kunnen kifi. A sa maganin kashe shi, ko a bar ruwan a buɗaɗɗen bokiti awa 24, ana motsawa ko an sa masa kumfa. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma ya kwana. Ruwan kogin Binuwai ko na tafki kada ya shiga, yana zuwa da tsutsotsi da ƙwayoyin cuta.

Soson matata kuwa a cikin ruwan da ka kwashe daga gilashin za ka matse shi, sau biyu ko uku, ka mayar. Masu son tsabta sukan kai shi bakin famfo su wanke tas, nan take sun kashe ƙwayoyin da ke tsare musu kifi. Haka in wuta ta daɗe a ɗauke, ka matse soson kafin ka sake kunnawa, don abin da ya kwanta a ciki ya fara ruɓewa.

Tambayi mutanen gida ko an fesa maganin sauro a ɗakin, ko an kunna igiyar sauro kusa da gilashin. Wannan magani dafi ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. In haka ne ka canza rabin ruwa yanzu, ka sake gobe, nan gaba kuma a rufe gilashin a kashe famfon iska kafin a yi feshi.

Mataki na 4: Ware shi a bahon jinya

In yana tare da wasu kifaye, ko ruwan gilashin yana da zurfi, mayar da shi baho. Rabi ruwan gilashin, rabi wanda ya kwana. Zurfin kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, yadda ba zai sha wahalar hawa da sauka ba. Babu tsakuwa, babu kayan ado, kumfa kuma a rage ƙarfinta don kada ta yi ta jujjuya shi. Da kofi ko roba za ka ɗebo shi tare da ruwansa, raga tana yaga fikafikai. Tunda bahon ba shi da matata, kowace rana ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Wanda ya kife a sama, ɓangaren da ke waje yana bushewa, ya yi ja, ya zama gyambo. Ka samu ƙaramin kwandon roba mai huji ka kifa a kansa ƙarƙashin ruwa, ko ka shimfiɗa lallausar raga ɗan ƙasa da saman ruwan, don jikinsa duka ya zauna a jiƙe. Wanda ya kwanta ƙasa kuma, ka riƙa zuƙe kashin da ke kusa da shi safe da yamma.

Gishiri mai tsakuwa yana rage masa wahala, musamman in naitirait ce ta taɓa shi. Giram 1 zuwa 3 a kowace lita. Cokalin shayi ɗaya a shafe cikin lita 5 ya ba ka kusan giram 1 a lita, da shi za ka fara. Narkar da shi a kofi tukuna. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka in ka canza ruwa, na adadin da ka kwashe kawai za ka mayar.

Kanwa kada ta kusanci ruwan. Na san mun yarda da ita wajen kumburin ciki, na mutum da na dabba, amma a ruwa tana ƙara wa amoniya dafi.

Mataki na 5: Hana shi abinci kwana 3

Wannan ne matakin da ya fi yi wa masu gida wuya, don kifin zai riƙa tasowa yana buɗe baki in ya ga mutum, tausayi ya kama su. Babu abin da yunwar kwana 3 za ta yi masa, lafiyayyen jan kifi yana jure fiye da mako. Hanjin ne ake so ya sauke abin da ya tare. Ka ɓoye gwangwanin abincin, ka yi wa yara bayani su fahimta, don sau da yawa kowa a gidan yana ba shi a ɓoye, mutum biyar kowa na zaton shi kaɗai ke ciyarwa. Burodi da tuwo da biskit da shinkafa duk a daina, har bayan ya warke.

Ka riƙa duba kashinsa. Na lafiya gajere ne, kalar abin da ya ci. Dogo mai kumfar iska a ciki yana nuna hanji ya cika da iska. Fari siriri mai yauƙi, in ya ci gaba ko bayan ya koma cin abinci, yana iya nuna cuta a hanjin.

Mataki na 6: Ba shi koren wake

A rana ta 4 ka dafa ƙwaya biyu ko uku na petits pois har su yi laushi, ba gishiri. Ka bar su su huce, ka matse kowace tsakanin yatsu biyu, fatar za ta zame cikin ya rabu gida biyu. Jefar da fatar, ka daddatsa cikin ƙanana daidai bakinsa. Yana nutsewa da kansa. Kifin da ke sama ba zai iya bin shi ƙasa ba, sai ka riƙe a bakin yatsa ko ka soka a tsinken sakace mai dakusasshen baki, ka kai masa ƙarƙashin ruwa. Ka yi haƙuri, zai ɗan ja baya kafin ya karɓa.

Na gwangwani ne aka fi samu a kantunanmu, kuma da gishiri yake zuwa. Ka wanke shi sosai, ka jiƙa a ruwa ka zubar sau biyu. In babu ko ɗaya, tafasasshen alayyahu da aka yanka ƙanana, ko ɗan dafaffen kabewa, za su yi aikin. Sau ɗaya a rana, kwana 3. Abin da bai ci ba cikin minti 10 a zuƙe shi.

Mataki na 7: Wankan gishirin Epsom

In bayan azumin da waken har yanzu cikin a kumbure yake kuma babu kashi, a yi masa wanka. Cokalin cin abinci ɗaya, kusan giram 15, cikin lita 4 na ruwan bahonsa, a wata roba daban. Bari ya narke duka, ka sa kifin minti 15, kana tsaye a kansa. In ya fara birgima fiye da da, ko numfashinsa ya yi rauni, fitar da shi nan take. Sau ɗaya a rana, kada ya wuce kwana 3. Gishirin girki ba ya maye gurbin wannan, aikinsu daban ne. In ba ka samu ba, tsallake matakin.

Mataki na 8: Gane wanda ya wuce jinyar gida

In kwana 7 zuwa 10 sun wuce ba canji, to ba cushewar hanji ba ce kaɗai. Yana iya zama ƙwayoyin cuta sun kama jakar, ko ruwa ya shiga cikinta, ko ƙwai ya taru wa mace, ko wani ƙari yana danne ta. Alama mafi muni ita ce ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, in ka leƙa daga sama ka ga kamar abarba, idanu kuma sun firfito. Wannan ƙoda ce ta gaza, ruwa ya taru a jiki, kuma kaɗan ne suke tashi.

Kada ka sayi kafso a tebur ka fasa cikin ruwa. Ba ka san ƙwayar da kake yaƙa ba, ba ka san adadin ba, kuma za ka kashe masu amfanin da ke cikin matata. Ka nemi likitan dabbobi, ko ma'aikatan ofishin kiwo da kamun kifi na garinku, ka tafi da hoton bidiyo na kifin a waya da ɗan ruwan a gora, ba sai ka wahalar da shi a kan babur cikin rana ba.

Akwai kuma wanda halittarsa ce haka. Yana ci, yana kashi, idonsa garau, sai dai ya karkata bayan cin abinci ko kullum. Irin wannan yana iya rayuwa shekaru a ruwa marar zurfi in ana ba shi abinci a baki, kuma ni ban ga dalilin yanke masa rai ba.

Mataki na 9: Bayan ya miƙe

Ka bar shi kwana biyu yana iyo daidai kafin ka mayar da shi gilashi, ka daidaita zafin ruwan biyu. Abinci mai nutsewa za ka koma ba shi. In mai yawo a sama kawai ake samu, jiƙa shi a kofi minti 5 ka matse ya nutse. Sau biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti 2. Ganye sau biyu a mako, rana ɗaya kuma ta hutu. A bazara abinci yana saurin lalacewa, ka rufe gwangwanin a wuri mai sanyi, in ya canza wari ka zubar.

Zagayayyen kwanon gilashin nan da ake sayarwa tare da kifin shi ne tushen yawancin wahalar. Bakinsa ƙarami ne, iska ba ta shiga sosai, ruwan ba yawa, nan da nan ya yi zafi ya gurɓace. Kifi ɗaya mai dunƙulallen jiki yana buƙatar lita 75 ko kusa da haka, da matata, da canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa kowane mako, sau biyu a lokacin zafi. In kuɗin gilashi babba bai samu ba, babban baho mai faɗi a inuwa, da raga a sama saboda kyanwa, ya fi masa kwanon nesa ba kusa ba.

In ya zama babu tashi

Kifin da ya daina ci kwata-kwata, jikinsa ya yi gyambo, ɓawonsa ya miƙe, barinsa yana ta shan wuya ba tausayi ba ne. Rai ne aka ba ka amanarsa, sai a sauƙaƙa masa. Ana amfani da man kanumfari, kusan mililita 0.4 a kowace lita. Ka girgiza man da ɗan ruwa mai ɗumi a ƙaramar kwalba har ya yi fari, ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan cikin robar da kifin yake, cikin minti 5. Zai yi barci, numfashin ya tsaya. Ka bar shi a ciki aƙalla minti 30 bayan kunnuwan sun daina motsi, sannan ka binne shi da zurfi inda kyanwa da kaji ba za su tono ba. Kada a jefa shi masai ko kwata da ransa, kada kuma a sake shi a kogi ko tafki, ko yana da lafiya, don baƙo ne a ruwanmu kuma yana iya kai wa kifayen da masunta ke dogaro da su cuta. Bahon da ragar da tiyon a wanke su da ruwan zafi, a shanya a rana kwana biyu kafin wani kifi ya shiga.